Gishirin Da Na Hana A Sa

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban Ƙungiyar Jinin Maƙwabci, Alhaji Bobboyi. Mai girma Modibbo Zubair, da ya taso tun daga Yola Gari duk da ciwon gwiwar da ke damunsa. Mai girma Fasto Ishaku. Uwarmu Gogo Aminatu, shugabar matan unguwar Bako. Masu unguwanni, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwar da suka rufe shagunansu da rana tsaka domin su zo. Yayyena da ƙannena da 'ya'yana na Yola da na Jimeta, Musulminku da Kiristanku, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, kowa da girman da Allah ya ba shi. Salama a gare ku.

Na gode wa kwamiti da ya ba ni wannan dama. Na gode muku da kuka amsa kira, alhali da yawanku kun zo ne da fushi a ciki, kuma fushinku yana kan gaskiya. Ga wanda bai san ni ba, sunana Hadassah, ni ce sakatariyar wannan ƙungiya. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin jinya kafin in yi ritaya. Na ga haɗarin mota, na ga haihuwar da ta zo da gardama, na rufe idon mamaci da hannun nan nawa, har na ɗauka babu sauran abin da zai kaɗa ni a duniya. Mako uku da suka wuce aka nuna mini wani abu a fuskar kwamfuta, ba jini, ba rauni, haruffa ne kawai a jere, sai ga ni ina lalubar kujera.

Kun san abin da ya haɗa mu. Mu mutane ne masu ba da jini kyauta. Idan mace ta zubar da jini wurin haihuwa, ko yaro mai sikila ya galabaita, ba ma tambayar masallaci yake zuwa ko coci, rukunin jininsa kawai muke tambaya. Shekara biyu da suka wuce muka buɗe shafi a intanet, inda kowane ɗan ƙungiya yake shiga da kalmar sirrinsa ya ga rukunin jininsa da sakamakon gwajin da aka yi masa. Mutum dubu ɗaya da ɗari biyu da shida suka yi rajista. Kowannensu ni na ce masa ya kwantar da hankalinsa, sirrinsa yana kulle.

A cikinsu akwai Malam Absalom, malamin lissafi, mazaunin nan Alkalawa. Ga shi can zaune a layi na uku. Ban kira sunansa ba sai da izininsa. Da na je neman izinin, cewa ya yi, "Mama, ki faɗa. Waɗanda suka yaɗa ni ai ba su tambaye ni ba, ke da kika tambaya me zai sa in hana ki?"

Wata takwas da suka wuce Malam Absalom ya zo ba da jini, karonsa na farko, ba don an roƙe shi ba. Gwaji ya nuna yana ɗauke da ciwon hanta, irin wanda ke zama cikin jini. Ni na kira shi ɗaki, ni na rufe ƙofa, ni na gaya masa. Abu ɗaya ya roƙe ni, kada maganar ta fita, domin matarsa Virtue masa take soyawa tana sayarwa a bakin titi, kuma ya san halin mutane. Na dafa ƙirjina na ce masa, "Ɗana, daga ni sai likitanka sai Allah." Mako uku da suka wuce hoton shafinsa, da sunansa, da fuskarsa, da sakamakonsa, ya shiga wayoyin unguwa. Kafin la'asar ya tsallaka Jimeta, kafin magariba ya kai Bako. Wasunku da ke kallona yanzu, hoton yana cikin wayarku.

Ta yaya haka ta faru? Wannan tambaya ta kawo ku, kuma zan amsa ta a kan maki uku, ba ɓoye-ɓoye.

Na farko, yadda ake ajiye kalmar sirri. Ni ma ban sani ba, sai da Injiniya Ummu Salma ta zaunar da ni. 'Yar Yola Gari ce, aikinta ke nan tsare bayanan mutane a kwamfuta, kuma 'yar ƙungiyarmu ce da ta ba da jini sau bakwai. Ita kwamiti ya kira ta bincika. Ta ce mini, "Mama, shafin kirki ba ya ajiye kalmar sirri yadda mutum ya rubuta ta. Niƙa ta yake yi." Ta ce in ɗauka injin niƙa ne. Ka zuba masara, gari ya fito, kuma babu mai iya mayar da gari ya koma masara. Haka kwamfuta take yi wa kalmarka da wani lissafi, ta mayar da ita dogon jerin haruffa da lambobi marasa ma'ana, ta ajiye wannan garin, ta jefar da kalmar. Gobe idan ka zo shiga, ka rubuta kalmarka, sai ta sake niƙa abin da ka rubuta, ta gwada da garin da ta ajiye. In sun zo ɗaya ta buɗe maka, in sun saɓa ta hana ka. Ko wanda ya gina shafin bai san kalmarka ba.

Na ce, "To alhamdu lillahi, ashe namu ma haka yake." Ta ce, "Haka yake, Mama. Amma injin yana da hali ɗaya. Kalma iri ɗaya, gari iri ɗaya take bayarwa, ko a Yola aka niƙa ta ko a Sin." Ta ce saboda haka ɓarayin wannan zamani sun riga sun niƙa miliyoyin kalmomin da mutane suka saba sawa, sun jera su a kundi, kowace kalma da garinta a gefe. In sun sato ma'ajiyar wani shafi, ba sa wahalar da kansu, dubawa kawai suke yi a kundi.

Jama'a, ma'ajiyarmu aka sata. Wani da har yau ba mu san ko wane ne ba ya sami kafa ya kwafi jerin sunayenmu da garin kalmominmu. Bai sami sakamakon gwaji kai tsaye ba, wannan yana wani wuri dabam, sai an shiga da kalmar mutum ake ganinsa. Abin da ke hannunsa gari ne kawai. Ummu Salma ta buɗe mini irin abin da ya gani. Ta ce, "Mama, duba nan." Na duba. Layi bayan layi, jeri iri ɗaya, harafi bai bambanta da harafi ba. Ta ja ƙasa, shi ne. Ta ƙara ja, shi ne. Mutum ɗari huɗu da goma sha bakwai, gari ɗaya!

Ɓarawo ba wawa ba ne. Da ya ga haka ya san mutum ɗari huɗu da goma sha bakwai sun zaɓi kalma ɗaya. Mai yiwuwa ba ta cikin kundinsa, domin ba Turanci ba ce. Sai ya tambayi kansa, wace kalma ce za ta faɗo wa mutane masu yawa haka a lokaci guda? Ya buɗe shafinmu kamar kowa. Me ke rubuce a sama da manyan haruffa, daidai kan akwatin da ake cewa ka zaɓi kalmar sirri? Kalmar maraba ta Fulatanci da muke tarbar baƙo da ita a garin nan. Jabbama.

An ce wa mutum ya zaɓi kalmar da ba zai manta ba, ya ɗaga ido, ya ga jabbama, ya kwafa. Na tuna ranar rajista wata dattijuwa ta ce mini, "Wannan kalma yana da kyau, kullum yana nan a sama, ko na manta zan gan shi." Na yi dariya na ce ta yi dabara. Mun rubuta mabuɗi a jikin ƙofa, muka ce wa ɓarawo maraba da bakinmu. Gwaji ɗaya ya yi, gidaje ɗari huɗu da goma sha bakwai suka buɗe, na Malam Absalom yana ciki. Ya aika masa saƙo yana neman a toshe masa baki, malam ya ƙi kula shi, ya saki hoton.

Kada sauran ku yi murmushi. Ni ban sa jabbama ba, ina ganin ni mai wayo ce. Zabura na ɗauko da lambarta, ina cewa daga ni sai Mahaliccina. Ummu Salma ta nuna mini mutum sittin da ɗaya masu gari irin nawa. Rabin ajin mawaƙan cocinmu ke nan. Modibbo, mutanenka ma ba su tsira ba, bisimilla da lambobi uku a bayanta ta kwashi mutum casa'in. Wasu tamanin kuma sunan ƙungiyar ƙwallon Turai suka sa, wadda ba ta ma san da zamansu a duniya ba. Kowa yana ganin sirrinsa nasa ne shi kaɗai, ashe a kasuwa muke zaune gaba ɗaya.

Na biyu, abin da ya kamata a yi wanda ba a yi ba. Ummu Salma ta ce maganin wannan sananne ne, tsoho ne, kuma masu aikin suna kiransa gishiri. Da Turancin ma sunansa ke nan, gishiri. Ga yadda yake. Ranar da ka yi rajista, kafin a niƙa kalmarka, kwamfuta za ta ƙirƙiro wasu haruffa barkatai, dogaye, waɗanda ba ta taɓa ba wa kowa ba kuma ba za ta sake ba wa kowa ba. Wannan shi ne gishirinka, naka kai kaɗai. Ta gauraya shi da kalmarka, sannan ta niƙa. Ta ajiye garin, ta ajiye gishirin a gefensa. In ka dawo shiga, ta ɗauko gishirinka, ta gauraya da abin da ka rubuta, ta niƙa, ta gwada. Kai ba ka ganinsa, ba ka haddace shi, ba ya ƙara maka wahalar komai.

Na ce, "To in ɓarawo ya sato garin, ai da gishirin zai haɗa, tunda suna wuri ɗaya." Ta ce, "Ya haɗa mana. Gishiri ba ɓoye shi ake yi ba, Mama. Aikinsa ya raba mutane." Ta ce ko mutum ɗari huɗu sun sa jabbama, tunda gishirin kowa dabam, garin kowa zai fito dabam. Ɓarawo zai duba jerin daga sama har ƙasa bai ga biyu da suka yi kama ba, babu abin da zai nuna masa cewa akwai kalmar da aka yi tarayya a kanta. Kundinsa na kalmomin da ya riga ya niƙa kuma ya tashi a banza, domin ya niƙa su ne babu gishirin kowa. Dole ya zauna ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowane mutum da nasa aiki daga farko. Ta ƙara da cewa shafukan kirki suna zaɓar injin da ke niƙa a hankali da gangan, yadda mai gida ba zai ji jinkirin ba don sau ɗaya yake shiga, amma mai gwada kalma miliyan zai tsufa a wurin.

Ba ta ruɗe ni ba. Ta ce gishiri ba ya mayar da raunanniyar kalma ta zama mai ƙarfi, wanda ya sa ɗaya biyu uku huɗu, ko an zuba masa buhu guda za a cim masa. Amma ta ce, "Da akwai gishiri, da bai ga wannan jerin ba, da babu abin da zai tura shi ya je ya karanta saman shafinku. Kwana huɗu tsakanin satar da ranar da aka gano ta. Ina kyautata zaton da kun riga shi kulle ƙofa."

Sai ta juyo ta tambaye ni, "Mama, me ya sa ba a sa ba? Wanda ya gina shafin nan ya san aikinsa, na ga hannunsa. Har wurin da za a zuba gishirin ya tanada, ya bar shi fanko."

Wannan shi ne maki na uku, kuma shi ne ya hana ni cin abinci kwana biyu.

Abednego ne ya gina mana shafin, malamin kwamfuta a sakandare, magidanci mai 'ya'ya uku, bai karɓi ko sisinmu ba. Na san tun da abin nan ya faru wasu sun tare shi a hanya, wasu sun kira shi maci amana, har an je ƙofar gidansa. Bai buɗe baki ya kare kansa ba. To yau ni zan buɗe.

Kwana uku kafin bikin buɗe shafin, kwamiti ya zauna da yamma a gidan shugaba. An riga an buga katin gayyata, an kama rumfa, an sanar a masallatai da coci-coci. Abednego ya nuna mana aiki, muka yaba. Sai ya ce, "Mama, saura abu ɗaya. Ban sa gishiri a wurin kalmomin sirri ba. A ba ni kwana goma in sa, in gwada."

Ku Hausa kuke ji. In an ce mutum ya ƙara wa magana gishiri, me ake nufi? Ya yi mata ado, ya zuzuta ta, ya ƙara abin da babu. Abin da kunnena ya ji ke nan. Na ɗauka yaron nan kwalliya yake so ya ƙara, launi da furanni, don a yaba masa ranar biki. Na ce masa, kuma ina tuna kalmomina ɗaya bayan ɗaya, "Abednego, ku 'yan zamani komai sai kun ƙara masa gishiri. Mu ba ma son gishiri. Abin da na gani ya isa, a buɗe shi haka." Aka yi dariya. Shugaba, ka gafarce ni, kai ma ka yi. Ya sake buɗe baki ya ce, "Mama, ba irin wannan ba ne..." Na ɗaga masa hannu na ce, "Na gama magana." Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Mama."

To, Mama! Mu muka koya musu haka. Mu muka raine su a kan cewa babba in ya ce ya gama, an gama. Sau biyu bayan biki ya turo mini saƙo yana tuna mini, na je na duba, suna nan a wayata. Na farko na amsa masa da cewa sai bayan gangamin ba da jini na Kirsimeti. Na biyu ko amsawa ban yi ba. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina faɗa wa masu jinya kada su sha maganin da ba su san sunansa ba sai sun tambaya, na ji kalmar da ban gane ba a bakin mai sana'arta, ban ce masa me kake nufi ba. Tambaya ɗaya, jama'a. Numfashi ɗaya. Abednego, ɗana, a gaban mutanen da suka zage ka nake roƙonka gafara. Duk mai sauran zagi a bakinsa, ga ni, ya kawo nan.

Abin da aka yi zuwa yanzu shi ne wannan. Ummu Salma da Abednego sun toshe kafar da aka shiga. An soke kalmar sirrin kowa, duk wanda zai shiga sai ya zaɓi sabuwa. Kowa yanzu yana da gishirinsa, an kuma sauya injin zuwa mai niƙa a hankali. Shafin ba zai ƙara karɓar jabbama ba, ba zai karɓi gajeriyar kalma ba. Ku haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, kuma in kun yi amfani da tsohuwar kalmar a wani wuri, ku canza ta yau. An kai ƙara wurin hukuma. Kujerata ta sakatariya kuwa na ajiye ta a gaban kwamiti, su yi yadda suka ga dama da ita.

Amma duk wannan gyaran kwamfuta ne, kuma ba kwamfuta ce ta fi ba ni tsoro ba. Ɓarawo mutum ɗaya ne, waya ɗaya ya tura wa hoton. Wa ya kai shi sauran wayoyin? Wa ya rubuta a ƙasansa, a yi hattara? Ranar Talata na je gidan Malam Absalom. Shekara goma sha huɗu Virtue tana suyar masa a mahaɗar nan, kafin ƙarfe tara ta sayar ta tashi. Na tarar da ƙullunta a roba ya yi tsami, kwana na biyar ke nan tana zubarwa. Ta ce wani ɗan kasuwa da ke karyawa a wurinta tun yana saurayi ya tsaya daga nesa ya ce, "Madam, no vex, yau na ƙoshi," ya tsallaka titi ya saya a wani wuri tana kallo. A makaranta an ware wa malam kofinsa a kan taga. Ɗalibansa sun daina miƙa masa littafi hannu da hannu, a tebur suke ajiyewa. Mutumin da laifinsa kawai shi ne ya zo ya ba ɗan wani jininsa!

Ku saurare ni da kunnen da kuka saba saurarona a asibiti, domin a wannan kam na san abin da nake faɗa. Wannan ciwo ba ya bin abinci. Ba ya bin kofi, ba ya bin musafaha, ba ya bin zama wuri ɗaya. Ta jini yake bi, da saduwar aure, da uwa zuwa jariri wurin haihuwa, kuma yana da rigakafi. An gwada Virtue da 'ya'yanta, lafiyarsu ƙalau, an yi musu allura. Malam yana ganin likitansa, yana nan da ƙarfinsa. Kuma ina gaya muku a matsayina na wadda ta ga sakamako dubbai, a cikin taron nan akwai masu ɗauke da shi da ba su sani ba, domin ba su taɓa yin ƙarfin halin da ya yi ba.

Sirrinsa ba zan iya mayar masa da shi ba. Na yi alkawari na karya, ko zan yi kuka har gobe hoton ba zai fita daga wayoyinku ba sai kun goge shi da hannunku. Abin da ya rage a hannunmu shi ne ko zai ci gaba da zama a garin nan kamar kowa, ko kuwa za mu kore shi da shiru. Jiya ya gaya mini yana tunanin kwashe iyalinsa ya koma ƙauye ƙarshen zangon karatu. Na ce ya ba ni yau kawai.

Kun ga kulolin can da aka jera a bayan rumfa. Masa ce da miyar taushe, ta mutum ɗari uku. Virtue ce ta soya, a gidansu, a tandarta, Malam Absalom ne ya ɗauko su da hannunsa ya sauke. Ba zan tilasta wa kowa ba, ƙofa a buɗe take, wanda zai tafi ya tafi, muna kallon juna. Ni dai na ce a zuba mana a kwano ɗaya, ni da shi, kuma kwanon babba ne.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mu daga zama sanadin kukan maƙwabci. Allah ya ba manyanmu haƙurin tambaya, ya ba 'ya'yanmu ƙarfin maimaita gaskiya ko an ɗaga musu hannu. Allah ya zaunar da Yola da Jimeta da Adamawa baki ɗaya lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode da kuka saurare ni har ƙarshe. Virtue, 'yata, buɗe kular. Malam, taso mu wanke hannu.